Yadda ake saƙa rigar filon kujera da saƙar kwando

Duk wadda ta taɓa saƙa hular jariri ko rigar sanyi da tsinke biyu, saƙar kwando ba za ta gagare ta ba. Ido, wato madaukin zaren da ke rataye a tsinke, iri biyu ne kawai a cikinta, na gaba da na baya. Jera su ake yi rukuni-rukuni, bayan 'yan layuka a sauya musu mazauni, sai fuskar saƙar ta fito kamar kaba aka sarƙa, wannan ta bi ta sama, waccan ta kutsa ta ƙasa. Wajen awo da ƙirga aka fi yin tuntuɓe, don haka a nan zan fi daɗewa.

Filon da za mu yi wa riga shi ne wanda aka saba jerawa a kujerun falo, mai faɗin santimita 40 da tsawon 40, wato inci 16 a tef ɗin tela. Rigar mai buɗewa ce ta baya da maɓallai. Wasu sukan saƙa falle biyu, su cusa auduga, su ɗinke bakin ruf. A gari irin Katsina, inda hunturu ke zuba ƙura tun daga Nuwamba har Fabrairu, wannan ganganci ne. Filon da ba a iya tuɓe masa riga a wanke, kafin shekara ta zagayo ya zama na ɓoyewa in an yi baƙi.

Zare da sauran kaya

Abin da muke ce wa ulu a shagunan kayan saƙa na Babbar Kasuwar Katsina, galibinsa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne, akirilik. Ga rigar filo ba laifi: yana da sauƙin kuɗi, yana jure wanki, asu ba ya cin sa, kuma yana da ɗan talewa da ke sa rigar ta kama filo tsam. Aibinsa biyu ne, yana tara ƙulle-ƙullen gashi in ya sha goga, sannan ba ya shiri da wuta ko kaɗan. Zaren auduga ya fi daɗin jingina a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma zanen kwandon ya fi fitowa raɗau a jikinsa. Sai dai ba ya talewa, yana gajiyar da wuyan hannu, kuma duk da audugar da ake nomawa a Funtua da Malumfashi, kakkauran zarenta na saƙa ba kowane shago ke ajiye shi ba, wani lokaci sai an yi sautu Kano. Saƙa da auduga dai ba sabon abu ba ne: daga cikin tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka tono akwai safunan auduga na ƙasar Masar, tun wajajen ƙarni na 11 zuwa na 13. In wannan ne filonki na farko, fara da akirilik.

Launi ɗaya za ki zaɓa. Zanen kwando inuwa ce ke fito da shi, tudu ya kama haske, kwari ya yi duhu. Zare mai rodi-rodi yana cinye zanen gaba ɗaya, haka baƙi da shuɗi mai duhu, sai an matso kusa ake gane an yi aiki. Fari sol kuma ƙura ce ke tona masa asiri. Ruwan madara, ruwan zuma, ruwan toka mai haske, ruwan goro, duk suna bayarwa.

Ki nemi zare matsakaicin kauri, wanda ake saƙawa da tsinke mai milimita 5. In siririn nan na kayan jarirai kaɗai kika samu, ki haɗa dunƙule biyu ki riƙa jan zare biyu tare kamar ɗaya. Giram 250 zuwa 300 zai ishi riga ɗaya. Ki saye shi duka a rana ɗaya, ki kuma fito da dunƙulayen bakin shago ki duba su a hasken rana, domin zare mai suna ɗaya yakan bambanta in ba tukunyar rini ɗaya ya fito ba, kuma a jikin filo bambancin ba ya ɓuya.

Sauran kayan: tsinke biyu masu milimita 5, wasu biyu masu milimita 4 don bakin riga, kwarashi ɗaya na gyaran kuskure, tef, almakashi, maɓallai 5 masu faɗin santimita ɗaya da rabi zuwa 2, da babbar allura mai dakusasshen baki. In basilla gare ki, goga bakinta a dutse har ya dakushe, don kada ta riƙa tsarge zaren.

Ɗora ido, gaba da baya

Wadda ta iya ta tsallake nan. Ki yi zarge a bakin zare ki rataya a tsinken hagu. Ki soka tsinken dama a cikinsa, ki naɗo zare a kan tsinin, ki jawo sabon madauki, ki rataya shi a tsinken hagu kusa da na farko. Ido biyu ke nan. Ki ci gaba da yi daga na ƙarshe har ki sami adadin da kike so, ba tare da kin ɗaure su tamau ba.

Idon gaba: zare yana bayan aiki. Ki soka tsinken dama cikin ido na farko daga gabansa, tsinin ya ɓulla ta bayan tsinken hagu, ki naɗo zare, ki jawo madaukin zuwa wajenki, ki zame tsohon idon. Idon baya: zare yana gabanki. Ki soka tsinken daga dama zuwa hagu, tsinin ya tsaya a gaban tsinken hagu, ki naɗa zare ta samansa, ki tura madaukin waje ta baya, ki zame tsohon. Na gaba yana fitowa da siffar harafin V, na baya kuma ɗan tudu ne a kwance. In kika juya saƙar, kowanne ya zama ɗan'uwansa.

Abu guda da ya kamata ya zauna a hannu tun yanzu: duk lokacin da za ki tashi daga gaba zuwa baya, ko daga baya zuwa gaba, zaren ta tsakanin tsinin tsinkayen biyu zai wuce, ba ta saman tsinke ba. In ya hau sama, kin ƙara ido ɗaya ba da saninki ba, ga kuma huda. A saƙar kwando kusan sau 16 ake wannan sauyi a layi guda, to kin ga dalilin nanatawa.

Zanen kansa

Layi 8 ne ake ta maimaitawa. Adadin idon zane dole ya zama ninkin 8 da ƙarin 5, sannan a ƙara ido 2 na gefe, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Waɗannan biyun kullum gaba ake saƙa su, a kowane layi, kuma su ne ɗinki zai cinye daga baya. Ban sa su a lissafin da ke ƙasa ba.

- Layi na 1, ta fuska: gaba duka.
- Layi na 2, ta ciki: gaba 5, sai ki riƙa baya 3, gaba 5, har ƙarshe.
- Layi na 3: baya 5, sai gaba 3, baya 5, har ƙarshe.
- Layi na 4: kamar na 2.
- Layi na 5: gaba duka.
- Layi na 6: gaba 1, baya 3, sai gaba 5, baya 3, har ido ɗaya ya rage, ki yi masa gaba.
- Layi na 7: baya 1, gaba 3, sai baya 5, gaba 3, har ɗaya ya rage, ki yi masa baya.
- Layi na 8: kamar na 6.

Kada jerin ya firgita ki. Layi na 2 da na 6 kaɗai ke buƙatar ƙirga da baki, domin su ne ke biyo bayan layin gaba zalla, babu wata alama da za ki bi. A na 3, 4, 7 da 8 abin da idonki ya gani za ki yi: in V ne a ƙarƙashin tsinke ki yi gaba, in tudu ne ki yi baya. Hanyar gane ko kina kan daidai ita ce, ukun nan na sabon rukuni dole su zauna a tsakiyar biyar ɗin da ke ƙasansu, ido ɗaya ya rage ta dama, ɗaya ta hagu. In kika ga sun karkata, tsaya nan take ki koma baya, kada ki ce ƙila ya daidaita a gaba. Ba ya daidaita.

Gwaji kafin aiki

Wannan ne matakin da ake ƙyashin yi, kuma shi ke raba riga mai kama jiki da mai lankwasa. Hannun kowa da irin ɗaurinsa. Mata biyu za su ɗauki zare ɗaya da tsinke ɗaya, a sami tazarar santimita 4 ko 5 a faɗin filonsu. Ga shi kuma saƙar kwando tana ɗan tsukewa fiye da saƙar gaba zalla, saboda haka awon da kika sani na hular jariri ba zai yi aiki a nan ba.

Ki ɗora ido 31 a tsinke mai milimita 5, ki saƙa zanen sau 4, layi 32 ke nan, ki rufe (yadda ake rufewa yana nan gaba, a ƙarshen saƙa rigar). Ki wanke ɗan ƙyallen, ki shimfiɗa ya bushe, sannan ki aza tef a tsakiyarsa, ba a gefe ba, ki ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10.

Faɗin da muke nema santimita 38 ne, ba 40 ba. Saƙa tana talewa, kuma rigar da aka yi daidai da filo, bayan wata ɗaya na zama da jingina sai ta saki, kusurwoyinta su langaɓe. In kin sami ido 18 a santimita 10, to 38 na buƙatar kusan 68. Adadi mafi kusa da zanen ya yarda da shi 69 ne, da na gefe 71. In 16 kika samu, ki ɗora 63. In 20 ne, 79. Adadin da ake iya ɗorawa su ne 55, 63, 71, 79, 87, babu na tsakani. Ki ƙara 2 na gefe a lissafinki ki ɗauki mafi kusa, in kuma ya faɗa daidai tsakiyar biyu, ɗauki ƙaramin. Zan ci gaba da misali da 71.

Ki kuma ɗaga ƙyallen ki duba ta hasken taga. In kina hango waje ta cikinsa sosai, tsinken ya yi wa zaren girma, koma milimita 4 da rabi ki sake. Rigar filo tana son saƙa mai ɗan tauri fiye da ta sawa.

Saƙa rigar

Falle ɗaya ne dogo, mai tsawon santimita 83, wanda za a ninke sau biyu.

Ki ɗora ido 71 a ƙaramin tsinke, ki saƙa gaba zalla a kowane layi har ya kai santimita 3. Wannan baki ne da ba ya naɗewa. An sa shi a ƙaramin tsinke ne saboda irin wannan saƙar tana bajewa, in aka yi ta da babba sai bakin ya fi jiki faɗi. Daga nan ki koma babban tsinke ki fara layi na 1. Ki ɗaura ɗan zare mai wani launi a wannan ɓangaren don ki riƙa gane fuska.

Ki yi ta zane har tsawon ya kai santimita 24 daga farko. Awo a shimfiɗe ake yin sa, a kan tabarma ko tebur, ba a kan cinya ba, kuma ba a ja. In kin iso, ki jira layi na 1 ko na 5 mafi kusa, maimakon gaba duka ki yi baya duka. Zai fito da ɗan tudu kamar kunyar gona a fuskar saƙar, wurin ninki ke nan. Ki ci gaba da layin da ke biye kamar ba abin da ya faru, ki saƙa santimita 38 na gaban filo, ki sake yin layin ninki, sannan santimita 17 na marfin sama. Santimita ɗaya sama ko ƙasa ba komai. Ya fi kyau ninki ya faɗa a ƙarshen rukuni da a yanke rukunin a tsakiya.

Don riƙe lissafin layi, ko dai ki rubuta 1 zuwa 8 a takarda kina sokewa, ko ki ajiye ƙwallayen dabino 8 da 'yan kwanoni biyu, duk layin da kika gama ki mayar da ɗaya. In an kira salla ko tukunya ta nemi ki, yi ƙoƙari ki ƙarasa layin kafin ki tashi. In dole ta sa kika ajiye a tsakiya, da kin dawo ki duba tsinken da zaren dunƙule ke rataye a jikinsa, shi ne na hannun dama.

Zare in zai ƙare, a gefe ake sauya shi, ba a tsakiyar layi ba. Ki bar jelar santimita 15 ga tsoho da sabo, daga baya ki ɓoye su cikin ɗinki. Ƙulli a tsakiyar fuska ko ba jima ko ba daɗe sai ya leƙo. Dunƙulen farko kuma shi zai gaya miki gaskiyar abin da kika saya: in ya ƙare, auna tsawon da ya ba ki, ki lissafa ko sauran za su kai 83. In ba za su kai ba, ki koma shagon tun kafin irinsa ya ƙare.

Da hunturu yatsu kan yi kaushi su riƙa kama zare suna tsarge shi. Man kaɗanya da dare yana maganin wannan, amma kada ki shafa ki ɗauki saƙa nan take, maiƙo yana zama a jikin zare mai haske.

Bayan santimita 17 ɗin nan, koma ƙaramin tsinke ki saƙa gaba zalla santimita 2. Sai layin ƙofar maɓalli, ta fuska: gaba 7, ki naɗa zare sau ɗaya a kan tsinken dama, ki haɗa ido 2 ki saƙa su tare, daga nan gaba 12, naɗi, haɗa 2, ki yi haka sau 4, ido 6 za su rage, ki yi musu gaba. Ƙofa 5 ke nan, kuma adadinki yana nan 71. A layi na gaba naɗin nan ki saƙa shi kamar kowane ido. Ki ƙara santimita 2, ki rufe: saƙa ido 2, ɗaga na farko ya tsallake na biyu, saƙa wani, sake tsallakarwa, har ɗaya ya rage ki zura jela a ciki. Ki riƙe babban tsinke a hannun dama wajen rufewar don kada bakin ya shaƙe.

In an yi kuskure

Ido in ya zame ya gangara, ki kama shi da kwarashi, ki riƙa jawo zarurrukan da ke kwance a samansa ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙasa. Inda ya kamata ya zama baya, juya saƙar ki yi ta ɗaya ɓangaren. Haka ma in kika hango ido ɗaya da aka yi gaba maimakon baya layi 4 ko 5 a ƙasa: ba sai kin warware komai ba, ki saƙa har ki zo saitinsa, ki sake shi da gangan ya gangara zuwa wurin, ki hau da shi daidai. In kuwa rukuni ne sukutum ya karkace, warwara ta zama dole. Ki warware har layi na 1 ko na 5, domin a nan idanun duk iri ɗaya ne, sun fi sauƙin kwashewa, ki kwashe su da ƙaramin tsinke ki ƙirga kafin ki ci gaba.

Wanki, ɗinki da cikin filo

Kafin ɗinki ki jiƙa fallen a ruwa mai sanyi da ɗan sabulu, ki ɗauraye, ki naɗe shi a tawul ki danne ruwan, ban da murɗawa. Ki shimfiɗa shi a inuwa, ki daidaita faɗin da tef ya zama 38 tun daga sama har ƙasa. Kada ki rataya a igiya, nauyin ruwa zai ja shi. Dutsen guga kuma kada ya taɓa shi: akirilik in ya ji zafi yana laƙwamewa, tudun kwandon ya kwanta har abada.

In ya bushe, ki kwantar da shi fuska a ƙasa. Ki fara ninko ɓangaren mai santimita 24, sannan mai ƙofofin maɓalli ya hau kansa. Za su haɗu da kusan santimita 7. Ki kafe da fil. Ɗinkin ta waje ake yi da zaren saƙar: tsakanin idon gefe da na kusa da shi akwai ɗan zare a kwance, ki ɗauko ɗaya daga wannan gefe, ɗaya daga wancan, kina tafiya, duk bayan santimita 3 ki ja a hankali, sai bakin ya rufe ɗinkin ya ɓace. Inda falle uku suka haɗu ki bi sau biyu, nan ne ke shan wahala wajen sa filo da cire shi. In kin fi son ɗinki ta ciki, to juya tsarin: fuska a sama, mai ƙofofin ne zai fara kwanciya, in ba haka ba da kin juyo rigar za ki tarar da shi a ƙasa.

Cikin filo kuwa tela zai ɗinka miki da yadi marar ado, ya fito 40 da 40 bayan ɗinki. Launinsa ya yi kusa da na zaren, don farin yadi yana leƙowa ta cikin saƙa mai duhu. Masu katifa suna da faiba, wato audugar roba, da audugar rimi. Rimi ta fi laushi da rashin nauyi, amma tana kwantawa da daɗewa, sai an riƙa shanya ta a rana ana bubbugawa. Faiba ta fi riƙe siffa. Kowacce kika zaɓa, a fara cusa kusurwoyi huɗun, a cika shi dam. Yankakken soso ba na ba da shawararsa, gudajinsa suna bayyana ta cikin saƙa.

Maɓallai su ne na ƙarshe. Ki sa filon a rigar tukuna, ki ja marfin ya zauna, ki soka fil ta kowace ƙofa, nan ne mazaunin maɓalli. Ki ɗinka su da zaren tela ninki biyu, ki sa ɗan ƙyalle ta ciki ya tallafe, don kada maɓallin ya riƙa jan ido ɗaya har ya huda. In akwai mai rarrafe a gidan, ki ƙara ɗaure su da kyau ki kuma riƙa dubawa.

Kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a nisanta su da kujerar da filon yake. Tartsatsi ɗaya ya isa ya narka rami a akirilik, audugar rimi kuma saurin kama wuta gare ta.

Masu haɗa na jeren amarya, huɗu ko shida, za su iya sirka wannan zanen da ɗan'uwansa mai sauƙi, mai gidan dara: ido 70, wato 68 da 2 na gefe, gaba 4 baya 4 a ƙare da gaba 4, a bi abin da ido ya gani har layi 6, sannan a musanya, inda gaba take a yi baya, wasu layuka 6. A layin ƙofar maɓalli na wannan, ido 5 ne za su rage a ƙarshe maimakon 6. Shi ma a yi masa nasa gwajin dabam, domin tsukewarsa ba ɗaya ba ce da ta na farko, kuma in filo biyu suka zauna a kujera ɗaya, tazarar santimita 2 ma ana ganin ta daga bakin ƙofa.